Likitan da Ya Kwance Huffin Ladan

An yi wani mutum, can baya, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, wani bawan Allah ana ce masa Sha'aibu. Likita ne a ɗan asibitin unguwa mai ɗaki biyu, inda masu ciwon suga ke jeruwa duk ranar Talata.

Hukumar lafiya ta aiko musu da takardar ƙa'ida: mai ciwon suga in ya zo a auna jininsa, a kuma duba ƙafarsa, domin ciwon yana kashe jin ƙafa, mutum ya yi rauni bai sani ba. Abokan aikinsa, Allah ya yafe mana baki ɗaya, jini kawai suke aunawa su rubuta magani. Shi kuwa sai ya durƙusa. Kowa ya zo, sai ya durƙusa ya cire masa takalmi ya duba ƙafar. Har suka laƙaba masa suna Mai Takalma.

To ku saurara. Wata Talata da damina hadari ya haɗo, iska mai ƙamshin ƙasa tana kaɗa labule a hankali, layi ya kai bakin titi, kowa na son ya isa gida kafin ruwa. Sai ga Baba Ilu, ladanin unguwar, sanye da huffi. Kun dai san huffi, safar fata da ake shafa a kanta wurin alwala, rangwame daga Ubangiji. Tsohon nan daga Juma'a sai Juma'a yake cire nasa.

Likita ya ce, "Baba, ya jikin?"

Ya ce, "Ɗana, sai godiya. Kwanan nan in na nufi masallaci, ji nake kamar a kan auduga nake tafiya. Ƙasa ta daina taɓa ni. Na ce ko Allah ne ya fara sauke mini nauyin duniya."

Yana faɗa yana murmushi, idonsa a lumshe. Wallahi da ni ne, da na ce masha Allah na sallame shi. Wa zai so ya tashi tsoho daga wannan daɗi?

Likita ya ce, "Baba, a taimaka a ba ni ƙafar in gani."

"Haba likita, da alwalata fa! Ga la'asar ta kawo jiki, ni zan kira salla."

"Ni zan kawo buta da hannuna, Baba."

A waje an fara gunaguni. Likita ya durƙusa ya kwance huffin sannu a hankali. Jama'a, ashe wata 'yar ƙusa ce ta huda fatar ta shige tafin ƙafar, wurin har ya fara ruwa, gefensa ya yi baƙi.

Baba Ilu ya daɗe yana kallo, kamar ƙafar wani aka nuna masa. Can ya ce, "Ɗana, wannan tawa ce?"

Da aka kai shi babban asibiti, cewa suka yi da an jira Juma'a, sai dai a yi maganar yankewa. Tsohon nan ya ƙara shekaru yana zuwa masallaci da ƙafafunsa biyu.

'Yan'uwa, amana ke nan: ka cika ƙa'idar aikinka har wurin da ba mai duba ka, ko da layi ya yi tsawo, ko da ana yi maka dariya. Kai likita, kai makanike, ke ungozoma, kowannenmu ya san abin da yake tsallakewa in ya gaji. Ni ma na san nawa, kuma yana tsorata ni. Kafin ka ce ba komai, ka tuna akwai wanda ya amince da kai, yana tafe yana murmushi, da ƙusa a ƙafarsa.