Wutar Ladingo Mai Daddawa

A zamanin da, tun ana rufe ƙofofin birni da faɗuwar rana, an yi wani sarki ana ce masa Ranau. Ba azzalumi ba ne, amma yana da hali guda da ya cuci mutanensa: in ya ba mutum aiki, ba ya sake waiwayawa ya ga abin da aka yi. Yana da waziri mai suna Cindo, mutum mai tsabtar riga da daɗin baki, wanda a wurinsa ko ciwon kai doka ce maganinsa.

Ana nan, damina ta kankama, sai annoba ta faɗo wa birnin. Mutane suka sa mata suna Shaƙe, don ta maƙogwaro take kama mutum. Tari, zazzaɓi, numfashi ya yi sama, sai a ji an fita da shi. Sarki ya tara majalisa ya ce a gaya masa abin yi. Malamai da masu magani suka ce sun lura cutar cunkoso take bi, inda numfashin wani ke dukan fuskar wani, in an raba jama'a da juna za ta lafa da yardar Allah. Wannan magana gaskiya ce, da a nan aka tsaya da ba ni da labarin bayarwa. Sai Sarki ya juya ya ce Waziri ya tsara yadda za a yi.

Waziri ya tsara. Aka ɗage cin kasuwa, aka rufe maƙera da marina, aka hana biki da taron suna. Duk wannan da ɗaci, amma ana iya haɗiyewa. Sai ya ƙara da nasa: kada kowa ya taka gidan wani, kada kuma wani abu, kowane iri ne, ya fita daga wannan gida ya shiga wancan. Mai bayarwa da mai karɓa hukuncinsu ɗaya, a kore su daga birni, gidansu ya koma hannun fada. Mai shela ya zaga unguwa-unguwa ya faɗa, majalisa ta tashi kowa yana yaba hikimar Waziri.

To, a cikin masu rawunan nan kaf babu wanda ya taɓa durƙusawa gaban murhu. Tuwo suke gani a akushi, ba su san hanyar da ya biyo ba. A wancan zamani babu ashana. Mace in ta gama girki sai ta binne garwashi cikin toka, gari ya waye ta tono ta hura. In ta tarar ya mutu, sai ta ɗauki tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo. Da haka gari yake ci, yau ke kika ba ni, gobe ni zan ba ki, ko godiya ba a yi a kai. Ƙyastu kuwa sai matafiya da maharba, ga maƙera a rufe, ga audugar kunnawa duk ta yi danshi.

Ba a jima da shela ba aka tafka wani ruwa, ya wuni ya kwana. Madafai suka yi yoyo, toka ta zama taɓo. Gari ya waye rabin birni ba hayaƙi. Masu lafiya suka koma cin gumba, marasa lafiya suka rasa ko ruwan ɗumi.

Masu unguwanni suka kai kuka. Mai hankali da sai ya ce an yi kuskure, a cire wuta daga cikin dokar. Waziri Cindo bai iya ragi ba, ƙari ya iya. Ya sa aka hura wuta a ƙofar gidansa, ya ɗauko ƙanin matarsa, wani Duna da ya gwada noma ya gwada fatauci duk bai zauna ba, ya sa aka naɗa shi Sarkin Wuta. Mai son garwashi nan zai zo, ya ajiye mudun hatsi, a zuba masa. Wutar da ba daga nan ta fito ba haramtacciya ce.

Ku duba wannan aiki. An rufe kasuwa don kada a taru, an buɗe wata a ƙofar Waziri da ta fi ta cika. Birni guda a sahu ɗaya, mai tari bayan mai tari, kowa da tsingaronsa. Na nesa kafin ya kai gida yayyafi ya kashe masa, ya dawo ya sake bin sahu, ya sake ajiye mudu. Shaƙe ta samu yadda take so. Sarki ya tambayi dalilin da makoki ke ƙaruwa, Waziri ya ce talakawa ne ba sa jin magana, ya ƙara dogarai.

A can gindin ganuwa akwai wata tsohuwa, Ladingo mai daddawa. Ba ta da sauƙi, ko akuyar maƙwabta ta san ƙofar da ba a leƙawa. Kalwa ba ta dahuwa sai ta wuni ta kwana a kan wuta, saboda haka kullum akwai gungume yana ci a murhunta, cikin ɗaki mai rufin kirki. Wutar nan a hannun surukarta ta gaje ta, tun daga ranar kuwa ba ta taɓa mutuwa ba. Duk wanda ya zauna da Ladingo sai ya ji wannan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Katanga ɗaya ta raba ta da wata mai jego, Tabawa, wadda mijinta ke kwance da Shaƙe. Mai jego ba ruwan zafi, kowace mace ta san inda wannan ke kaiwa. Ladingo ta ji jariri yana ta kuka, ta ɗaga kai ba hayaƙi, ta kira ta tambaya. Tabawa ta ce tun ruwan nan ba ta yi wanka ba, ba kuma mai zuwa mata ƙofar Waziri. Ladingo ta ja tsaki. Ta ɗauko doguwar gorar da take kaɗo ɗorawa da ita, ta ɗaure kasko a bakinta, ta cika shi da garwashi, ta miƙa ta kan katanga. Hannu bai taɓa hannu ba, ba wadda ta shaƙi numfashin wata. Ta ce wa Tabawa in ta hura, ta duba na ɗaya gefen ko su ma tasu ta mutu.

Mata ba sa jiran mai shela. Gora ta yi ta tashi daga katanga zuwa katanga, unguwa ta ba unguwa, hayaƙi ya dawo bisa birni. Sahun ƙofar Waziri ya ragu, rumbun Duna ya daina cika, sai Duna ya kai ƙara. Dogarai ba su sha wahalar nema ba, bakin Ladingo ya daɗe da gaya wa kowa gidan da wuta ba ta mutuwa. Suka tarar da tukunyar kalwa tana tafasa, ga gora a jingine. Suka ɗauki tulunta suka juye a murhun tana tsaye tana kallo, suka tasa ta gaba zuwa fada.

A gaban Sarki, Waziri ya yi doguwar magana, ya ce ga wadda ta rusa dokar da aka kafa don ceton rayuka, a kore ta kafin rana ta faɗi. Sarki ya tambaye ta ko gaskiya ne.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na miƙa. Da ina da ita gobe ma da na miƙa. Sai dai mutanenka sun kashe ta."

Fadawa suka yi mata caa, Sarki ya ɗaga hannu. Ya tambaye ta wa ta bai wa.

Ta ce, "Wannan kuma ba a bakina za ka ji ba."

Ran Sarki ya ɓaci, har ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai Alƙali Malam Mudi ya nemi izini. Shi ma yana cikin waɗanda suka gyaɗa kai ran da aka kafa dokar, abin kuwa yana cinsa tun da ya binne ƙaninsa, wanda ya kwaso cutar a sahun wuta. Ya ce doka ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, ba a zartar da rabin hukunci a bar rabi. Tun da tsohuwa ta ƙi faɗa, sai a bi ta ɗaya bakin, duk gidan da ke hayaƙi a tambayi inda ya samo wutarsa. Don kada talakawa su ce an tsallake manya, a fara da gidan da ya fi kowanne girma. Sarki ya ji wannan ya dace da adalcinsa, ya amince. Waziri ma ya ce madalla.

Aka kira Jakadiya, wadda ke kula da cikin gidan Sarki. Alƙali ya tambaye ta, wutar da ta dafa kalacin Sarki na yau, daga ina take. Jakadiya ta dubi ƙasa, sai da Sarki ya ce ta faɗa. Ta ce ta madafin fada ta mutu a wani ruwa da aka yi, ita kuwa ba za ta tura bayin Sarki cikin masu tari su kwaso masa cuta ba. A kan gora aka miƙo mata daga gidan Waziri, da yake katangarsu ɗaya.

Waziri ya gyara zama ya ce ko da an yi haka, ai wutar gidansa halattacciya ce, ta Sarkin Wuta ce. Aka kira Duna, Alƙali ya sa aka ajiye Alƙur'ani a gabansa. Duna ya dubi Alƙur'ani, ya dubi Waziri. Ya ce wutar da aka ba shi a fili take, tun tuni ruwa ya kashe ta, ya ji tsoron faɗa, ya shiga wurin yayarsa ya ɗebo, da ita yake yi har yau. Aka aika Jakadiya ta tambayi matar Waziri. Ta dawo ta ce ta bayan gida aka miƙo musu daga gidan Liman. Aka tashi manzo, yana tsayawa daga waje yana tambaya. Na Liman suka ce daga gidan wanzami, na wanzami suka nuna na gaba, na gaba suka nuna na gabansu, har ƙafarsa ta kai shi gindin ganuwa.

Da ya dawo ya faɗa, Alƙali ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, an samu masu karɓa. Ta farkonsu mai jego ce, na ƙarshensu kai ne. Na aika gidana, ni ma ina ciki. In za a zartar, sai a wangale ƙofar birni, don dukanmu za mu fita."

Ladingo ta juya ta dubi Duna sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ɗan nan, ashe wutata kake auna wa mutane da mudu."

 Sarki ya tambayi masu unguwanni gidajen da Shaƙe ta fi yi wa ɓarna. Suka ce, Allah ya taimake ka, gidajen da suka fi bin doka, masu zuwa sahu. Ya tambaye su me ya hana su faɗa, suka ce sun faɗa wa Waziri.

Sarki ya ce laifin farko nasa ne, ya ba da aiki ya juya baya. Ya soke sarautar Sarkin Wuta, ya ce a fasa rumbun Duna a raba hatsin ga gidajen marasa lafiya. Ya ce hani ga taro yana nan daram, amma wuta da ruwa da abinci da magani su tsallaka katanga a kan gora, kuma daga yau ba za a yi shelar dokar da ta shafi cikin gida ba sai an ji ta bakin masu girki. Ya sa aka warware rawanin Cindo a nan take. Sa'an nan ya ce, "Iya, me kike so a ba ki?"

Ta ce, "Wutata. Wadda ke madafinka tawa ce, a mayar mini."

Sarki ya ce wanda ya sa aka kashe ta shi zai kai, da ƙafarsa, a tsingaro, in ta mutu a hanya ya dawo ya sake ɗiba.

Cindo, mutumin da ya yi wa wuta doka, bai san ana shimfiɗa toka a ƙarƙashin garwashi ba. Tsingaro ya ƙona masa hannu ya yar, ya koma. Ya sake ɗiba, yayyafi ya kashe, ya koma. Mata suna leƙe ta kan katangu. Daga ƙarshe ya lulluɓa mata hannun rigarsa mai aska, ta huhhuje shi, ya iso gindin ganuwa da la'asar yana haki. Ya yi sallama zai sa kai.

Ladingo ta ce, "Tsaya nan. Ba a shiga gidan mutane, doka ce."

Ta zuro gora ta kan katanga, ya juye a kasko. Ta kai murhu, ta durƙusa ta hura, ta kama. Ba ta yi masa godiya ba, ai ba a godiya a kan wuta.

Kafin kaka Shaƙe ta lafa, kasuwa ta dawo ci, maƙera suka buɗe. Maroƙa suka yi ta wasa Sarki, wai shi ya ƙago dabarar gora. Waɗanda sahun Duna ya kai kushewa ba su dawo ba, tukunyar kalwar da ta lalace kuwa ko zancenta ba a yi ba. Ladingo ta ci gaba da gaya wa kowa wutarta ba ta taɓa mutuwa ba. In wani mai ƙarambani ya tuna mata ranar da dogarai suka juye tulu, sai ta harare shi ta ce, "Ba mutuwa ta yi ba. Fada ta je ta dawo."