Rigar Da Ta Ɗinka Wa Kwamfutar Mijinta

Akwai wani direban babbar mota da ya yi shekara goma sha bakwai a kan titi, rana ɗaya hatsari ya zaunar da shi. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta yana falo, dab da ƙofar ɗakinsa. Mutumin da a da in ya ɗauko labarin hanya sai an roƙe shi ya tsaya, yanzu ya juya wa bango fuska. In ta kawo abinci ya ce an gode. In ta tambayi jiki ya ce da sauƙi. Hirar yini ke nan.

Ana wata na bakwai, ƙaninsa ya kawo masa kwamfuta irin ta tebur mai akwati, da sitiyarin wasa, ya saka masa wasan tuƙin manyan motoci. Rana ta uku tana tsakiyar ɗinki ta ji ihu daga ɗaki: "Kai, ba ni hanya mana!"

Ta tsayar da keke, ta kifa kai a kansa, ta yi kukan murna. Mijinta ya dawo, ko da ta cikin gilashin kwamfuta ne.

To, tela dai tela ce, ba ta iya ganin abu tsirara hannunta bai yi ƙaiƙayi ba. Ta ga ƙura da ɓurɓushin zare na sauka a kan akwatin, tsoro ya kama ta kada ya lalace. Ta samo yadi mai kauri, ta sa soso a ciki, ta ɗinka masa riga cif-cif har da zif. Ƙofar wayoyi da ta maɓallin kunnawa kaɗai ta bari.

"Baban yara, ya ka gani?"

Ya dube ta, ya dubi rigar. "Ta yi kyau. An gode."

Daga makon nan abu ya lalace. Wasa zai fara lafiya, bayan minti goma sha biyar motar ta riƙa tafiya tana cijewa, akwatin ya ɗau gurnani, sai ɗif, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Shi kuma ba ya cewa komai. Zai sauke hannu daga sitiyari, ya juya keken guragunsa, ya koma kallon bango.

Hankalinta ya tashi. Ta cire wa akwatin riga don kada dattin shago ya ɓata ta, ta rungume shi ta kai wa mai gyara. Ya kunna wasan awa biyu cur, ko tari bai yi ba.

"Malama, lafiyarsa lau," in ji shi.

Ta dawo gida, ta goge shi, ta mayar masa da rigarsa. Minti goma sha biyar, ɗif.

Ƙanin mijin ya ce wuta ce ke rawa, aka sayo na'urar daidaita wuta, ba ta canza zani ba. Ta sake cire rigar, ta kai akwatin shago. Mai gyara ya hure ƙura, ya canza fanka, ya sake saka wasan daga farko. A shago kamar sabo, a gida kamar an yi masa baki. Ta rasa inda za ta sa kanta. Ɗinkin mutane ya taru, bayanta na ciwo saboda dako, ga miji kullum yana ƙara nutsewa, har abincin ma ya fara dawowa da shi.

Zuwa na uku ba ta ɗauki komai ba. Ta tsaya a bakin shago. "Don girman Allah ka zo ka gani da idonka. Ban san me zan ƙara yi ba."

Ya tausaya mata, ya rufe shago ya bi ta. Yana shiga ɗakin ya tsaya cak. Ya sa aka kunna wasan, da gurnanin ya fara ya ɗora tafi a kan rigar, ya janye da sauri.

"A haka yake zama kullum?"

"Saboda ƙura ne," ta ce.

Ya zuge zif, hucin zafi ya bugi fuskarsu. Ya nuna mata ramukan gefe da na baya. "Ta nan yake shaƙar iska, ta nan yake fitarwa. In ya yi zafi sai ya rage gudu, in zafin ya wuce kima ya kashe kansa don kada ya ƙone. Zai yi aiki, sai dai katin da ke fito da hoto ya riga ya jigata, dole a rage kyan hoton." Ya juya ga mijin yana dariya. "Maigida, kai da ka san abin da toshewar lagireto ke yi wa mota?"

Direba ya sunkuyar da kai.

Da mai gyara ya tafi, ta zauna a bakin gado da rigar a cinyarta. "Ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Ka bar ni ina ta dako?"

Hawaye ya zubo masa. "Ke ke ɗaga ni, ke ke yi min wanka, ke ke ciyar da gidan nan. Da wane bakin zan ce abin da kika ɗinka ya yi laifi?"

Maganar ta soke ta. Ashe duk "an gode" ɗin nan ba godiya ba ce kaɗai, mutum ne ya mayar da kansa baƙo a gidansa.

"Ni ba baƙo nake jinya ba," ta ce. "Mijina nake so, mai faɗa da mita. In na yi ba daidai ba, ka faɗa."

Ya share ido.

"To, shayin nan da kike kawo min, sukari ya yi yawa. Wata takwas ke nan ina shanyewa."

Darasi: Kara tana da kyau, amma wadda ta hana ka faɗa wa masoyinka gaskiya cutar da ku take yi ku duka biyu. Kuma in kana jinyar wani, kada ka tsaya ga ciyar da shi, ka bar masa bakin da zai ce maka ka yi kuskure. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɗawainiya da mara lafiya a gida.