Abin da Ya Hana Fako Shan Ruwa

Dalilin da ya sa fako ba ya shan ruwa kuke son ji? To a ajiye hauyar nan tukuna. Kai Shitu, da kai nake, angon banza, sau uku kana sara tana dawo maka, so kake ka karya min ƙota. Wurin nan ko kakanka da ƙarfinsa bai taɓa huda shi da sara ɗaya ba. Ku zo inuwar marken nan ku zauna, rana ta yi. Ke kuma Hansai, damin karan da kika kwaso min a gona, ajiye shi nan kusa da ni, za mu zo kansa.

Ku dubi inda muke. Nan kan tudu fako ne, ja, mai tauri kamar daɓen ɗaki. In kun ɗan gangara sai jigawa, yashi zalla, ƙafa tana nutsewa. Gaba da ita jangargari, mai ɗan danƙo. Can ƙasa inda kuke hango kore, fadama ce, baƙar laka. Ƙasa iri huɗu a tafiyar da ko ƙishi ba za ta sa ku ba. To da ba haka take ba.

A wancan zamani ƙasa ɗaya ce tun daga kan tudu har kwari. Yashi da laka da ruɓaɓɓen ganye duk a cuɗe suke, in ka damƙa ta dunƙule, in ka murza ta warware. Abin da duk ka jefa, ko'ina ka jefa shi, zai fito. Gero da dawa da shinkafa ma a gora ɗaya ake zuba irinsu. Kuma ƙasa tana magana a lokacin, ba da kowa ba, ba kuma kullum ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa mutanen da suka fara sara a nan. Ta ce, "Hatsi naku ne, kara nawa ne. Ku kwantar min da shi in rufa, kada hadari ya same ni tsirara."

Haka aka riƙe. In an gama girbi sai a kwantar da kara a gona, ba mai taɓawa. Jinka da zana daga ciyawar daji ake yinsu, girki kuma da icce.

Sai aka yi shekarar fari. Gero ya yi ciki ke nan ruwa ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen an cinye su. Ku da kuke ture tuwo don miya ba ta yi muku ba, ba ku san yunwa ba. Mutane suka ci dusa, suka ci ganye, daga ƙarshe suka faɗa wa irin shuka. Da Sarkin Noma Arzika ya ga haka, sai ya bi gida gida ya tattara abin da ya rage. Irin garin nan kaf, gora ɗaya ya cika. Ya damƙa wa wata mata mai suna Marka, wadda mijinta ya rasu, don kowa ya shaide ta da riƙon amana.

Marka ta rataye gorar a ɗakinta, kuma daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Mata suna shigowa da goyo, ba su roƙa, sai dai su zauna su zuba wa gorar ido, yaro yana kuka babu murya. Ta daure, ta daure. Ran nan ta farga sai ta ga hannunta ita kanta a bakin gorar, har ta cire marfi. Tsoro ya kama ta, don ta gane in iri ya ƙara kwana bakwai a ɗakin nan, ciki zai tafi.

Sai ta yanke shawarar yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa. Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, ta hau gonar ubansu, nan inda muke zaune, wadda duk garin ba gona kamarta. Ta ɗaga kara, ta tona, ta jefa, ta rufe, ta mayar da kara yadda yake. Kwana uku tana yi. Ta cika gorar da tsakuwa ta mayar ta rataye. Ba ta gaya wa kowa ba, kada masu yunwa su je su tone. Ko ƙanenta Jatau, da suke ciki ɗaya, ba ta gaya masa ba. Kuma ta daina ko duban wajen tudun, kada wani ya bi idonta.

Shi kuwa Jatau yana da tasa damuwar. Matarsa ta haihu a tsakiyar yunwar, nono ya kafe. Jaririyar da nonon saniyarsa ɗaya tilo take rayuwa. To ita ma saniyar ta kwanta, an ɗaga ta an ɗaga ta ta ƙi tashi, daji kuwa ko tsinken ciyawa babu. Jatau ya dubi 'yarsa, ya ɗaga kai ya dubi tudu, ga kara nan shimfiɗe.

Kada ku ce wawa ne, ya yi tunani irin na manomi. Ya ce gawo bai zubar da ganye ba, shamuwa ba ta iso ba, ashe ruwa da sauran wata guda. Abin da saniya ta ci kuwa ai taki zai zama, kafin hadarin farko ya kwashe ya mayar wa gona, ta ma ci riba. Kuma gonar ubansa ce, ba ta wani ba. Ya ɗauko dami ɗaya, saniya ta ci ta ɗaga kai. Ya ɗauko na biyu. Da kara ya ƙare ya shiga tumɓuke tushiya. Maƙwabta suka gani, kowa da akuyarsa mai mutuwa, suka bi sahu. Cikin kwana biyar an share tudun nan fes.

Rana ta shida da hantsi Marka ta shiga gidan Jatau duba jaririya. Ta tarar da saniya tsaye tana tuƙa. Har ta buɗe baki za ta yi masa barka, sai idonta ya faɗa kan wata tushiya a gindin turke. A cikin ƙasar da ke manne da saiwar akwai ƙwayar dawa guda ɗaya.

"Jatau, daga ina karan nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Gonar Baba ce, Yaya. Zan mayar da taki kafin ruwa, na yi alkawari."

"Irin garin nan gaba ɗaya yana ƙarƙashinsa."

Suna tsaye haka sai iska ta juya, ta zo da sanyi da ƙamshin ruwa. Suka waiga gabas. Hadari ne ya taso baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Bai jira gawo ba, bai jira shamuwa ba.

Marka ta ruga gida. Mace mai shekara hamsin, wadda ta yi wata uku ba ta ƙoshi ba, ta haye ɗakinta ta shiga yaye jinka da hannu, tana kiran mutane su fito da duk abin da zai rufe ƙasa. Ba su gane dalili ba, amma muryarta ta sa suka fito. Mai zana ya ciro zana, mai tabarma ya naɗo tabarma, aka yi tudu da gudu, ana faɗuwa ana tashi. To me tabarma za ta yi wa tudu guda? Ku dube shi, faɗinsa ku gani. Ka shimfiɗa nan, iska ta fizge ta yi can da ita. Ka danne da dutse, ta yage ta bar maka guntu.

Marka ta durƙusa ta kafa tafin hannunta a ƙasa. Ta roƙe ta ta yi haƙuri, ta ce yunwa ce ba raini ba, ta riƙe mata irin nan na yini ɗaya kacal, gobe ko rufin garin duka za a kawo mata. Sai ta ji muryar a ƙarƙashin hannunta, can ƙasa-ƙasa.

"Ba fushi nake ba, Marka. Riƙe kaina ne ba zan iya ba."

Ɗigon farko ya faɗo kamar an jefo tsakuwa. Daga nan sama ta ɓalle. Ruwan yana dukan ƙasa tsirara, tana tsalle tana watsewa. Nan da nan ya zama ja, ya kama gangare. Mutane suka watse neman mafaka. Marka ta kwanta rub da ciki a kan jinkarta, ta baza hannuwa, Jatau ya danne ɗaya gefen. Suna ji ƙasa tana zamewa ta gefensu, suna ganin ƙwayar hatsi tana wucewa a ruwa, ba halin su saki jinka su kama. Tun azahar ake yi sai la'asar ya tsagaita.

Da suka miƙe, ba su gane gonar ubansu ba. Duk laushin ya tafi, sai jan ƙashin da ke ƙasa, sumul, ruwa yana gudu a kai ko ɗigo ba ya shiga. Arzika ya sara hauya ta yi ƙara kamar yadda taka ta yi ɗazu, Shitu. Inda jinka ta rufe ne kaɗai ya tsira, bai fi shimfiɗar mutum uku ba.

Arzika ya ce a kawo gorar iri, tunda ga ruwan shuka ya samu, a nemi wata gonar. Marka ta kawo da kanta, ta cire marfi, ta zazzage a gaban kowa. Tsakuwa ta zubo. Ba wanda ya zage ta. Ta ce daga baya da ma zaginta suka yi, da ya fi mata sauƙi. Wata mata ta kwance goyonta ta zauna a cikin taɓo, ta ƙura wa tsakuwar ido.

Washegari Marka ta bi sawun ruwan. Sai ta ga ashe ya tankaɗe ƙasar ne kamar gari a rariya. Yashi mai nauyi, shi ya fara gajiya, ya zube a kafaɗar tudu. Mai ɗan laushi ya ƙara gaba. Laka kuwa, da yake ita ce mafi laushi, ba ta tsaya ba sai kwari, inda ruwa ya kwanta. Ta tona nan, ta tona can, ba ta ga iri ba. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, tana sauka tana hawa, mutane suna ɗaure kaya don barin gari, alhali ba su da ƙarfin tafiyar.

A rana ta huɗu ta ga wani tsinke kore a cikin yashi. Ta durƙusa ta duba da kyau, gero ne. Ta ɗaga ido, ga wani, ga wani. Ta kasa kiran kowa, sai kuka. A jangargari ma tsiro ya fito, har da bakin laka. Amma murnar ba ta cika ba, don iri ya warwatsu a gauraye, ƙasa kuwa ta daina karɓar kowa. Geron da ya faɗa laka ya ruɓe. Shinkafar da ta tsaya a yashi ta ƙone da rana ta farko. Gero ya rayu a jigawa, dawa a jangargari, shinkafa a fadama, kashi ɗaya cikin uku ke nan. An sha wuya a shekarar, an binne tsofaffi da yawa, amma gari bai tashi ba.

Jatau ya cika alkawari. Ya riƙa hawa da taki kwando kwando yana zubawa, ruwa na gaba ya wanke ya yi gangare da shi. Ya durƙusa ya yi magana, ƙasa ba ta amsa ba, kuma ba ta sake amsa wa kowa ba. Marka ta same shi a nan zaune. Ta ce laifin nata ne, da ta gaya masa da duk haka ba ta faru ba. Jatau ya ɗago ya dube ta.

"Da kin gaya min, Yaya, da sai in bar yarinyar ta mutu?"

Marka ta zauna kusa da shi.

Sauran rayuwarsa a kan tudun nan ta ƙare. Ya fasa rami da gatari, ya zuba taki, ya kwantar da kara a kai. Gara ta zo cin kara, ta huda ƙasa, ruwa ya sami ƙofa. A shekara yakan farfaɗo da wuri kamar faɗin tabarma biyu. Ya tsufa ya mutu ko rubu'in tudun bai kai ba.

Shi ya sa har yau jigawa take shanye ruwa nan take ta koma ƙishi, don lakar da ke riƙe mata shi ta tafi. Laka kuma da rani ya yi sai ta tsattsage ta wangame baki, babu yashin da zai sassauta ta. Fako kuwa ya rufe bakinsa, ko kwana aka yi ana ruwa sai dai ya bi ta kansa ya wuce, ba ya buɗewa sai ga wanda ya mayar masa da mayafinsa.

Na ga bakinka yana motsi, Shitu, zagin Jatau za ka yi. Riƙe abinka. Jaririyar nan da ta rayu da nonon saniyar, ita ta haifi kakar kakata. Da bai kwashi karan ba da babu ni, da babu ku, kuma da ya bar shi da wurin nan gona ce.

Ke Hansai, ɗauki damin nan ki mayar inda kika kwaso, ki kwantar da shi yadda kika same shi. Ki yi sauri, gabas ta fara haɗa rai.