Kyauta da Gawon da Ya Tuɓe da Damina

Dalilin da ya sa gawo yake zubar da ganyensa da damina, lokacin da kowace bishiya take ado, daga bakin Gwaggo Marka na fara jin sa, ƙanwar babana, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ku ci gaba da taku ɓarar, ban ce ku tsaya ba.

A da can, gawo kamar kowa yake. Ruwa na sauka sai ya cika da ganye, inuwarsa ta yi duhu, geron da ke ƙarƙashinsa ya fito siriri, ya yi rawaya, ya mutu. Don haka duk lokacin sassabe sai mutane su sare gawo, su cinna wa kututturen wuta. Shekara kan shekara, har gonaki suka koma fili fetal. Ƙasa ta gaji. In an yi shuka, iskar farkon damina ta kwaso yashi ta binne ta, a sake, ta sake binnewa.

Gawo ɗaya ya rage, a gonar wata mata mai suna Kyauta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku da wannan gona, ita kuma gonar ta gandu ce, tana hannun wan mijin, Korau.

Wata rana da bazara Korau ya shigo da gatari ya jingine a bakin ɗakinta.

"Kyauta, shekara biyu ba ki cika rabin rumbu ba. Kowa ya kayar da nasa gawon, naki na tsaye kamar mai gari. Ko ki kayar da shi kafin ruwan shuka, ko in ba wa mai ƙarfi gonar."

"Ni kaɗai, Yaya?"

"Na wasa miki gatarin. Iyakar abin da zan iya ke nan, ni ma bayana ciwo yake."

Da sassafe ta tafi. Ta ɗaga gatari ta sara sau ɗaya, sau biyu, a na uku gatarin ya maƙale, ta kasa zare shi. Sai ta zauna a gindin bishiyar, ta miƙe ƙafafu. Ko kuka ba ta yi ba, ƙarfin kukan ma babu.

Sai gawo ya ce, "Baiwar Allah, in kin huta ki cire mini ƙarfen nan, yana damuna."

Gajiya ta hana ta tsorata. Ta ce, "In na cire, mayarwa zan yi."

"Da irin saran nan naki sai kaka ta riske mu. Me na yi miki?"

"Inuwarka. Kai ka ƙoshi, gerona ya mutu. In kana tsaye, gonar ta tafi. In gonar ta tafi, me zan zuba wa yara a tukunya?"

Gawo ya ce, "Kin gaji, ni ma na gaji. Da ina da 'yan'uwa har bakin rafi, yanzu ni kaɗai iska ke duka. Rana kike so da damina? Zan ba ki. Ranar da ruwa ya sauka zan tuɓe, in zuba miki ganyen a ƙasa ya ruɓe, ƙasar ta ci. Sai kin girbe zan sa riga."

"Haka kawai? Yau babu mai yin abu haka kawai."

"A'a, ba haka kawai ba. In kina noma kika ga ɗana ya tsiro, ki kauce masa da fartanya. In ya yi toho da yawa, ki rage, ki bar masa ɗaya ko biyu ya miƙe."

"'Ya'yanka ƙaya gare su."

"Naki ma ba su rasa hali ba, kina dai ciyar da su."

Kyauta ta yi dariya, rabonta da ita tun rasuwar mijinta. Ta tashi ta jijjiga gatarin har ya fita, ta ɗebo ɗanyar ƙasa ta toshe saran.

Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Korau cewa ya yi a kayar, kuma ga gawo a tsaye.

Ruwan shuka ya sauka. Kafin kwana uku gawo ya zube tas, ya tsaya fari fat, sauran itatuwan daji suna kallonsa suna gulma. Sai ga Korau da sanda. Kyauta ta hango shi daga nesa, ta ci gaba da rufe rami da diddige kamar ba ta gan shi ba.

Ya kewaya bishiyar, ya ga wurin sara, ya ɗaga kai bai ga ganye ko ɗaya ba.

"Ashe kin kashe shi. Sara nawa?"

"Uku, Yaya."

"To, matacce ba ya inuwa. Bar shi ya bushe, da rani mu zo mu yi itace."

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma gyara masa ba.

Wannan shekara iska ta sake binne shukar mutane, amma inda ganyen gawo ya rufe ƙasa, yashi bai tashi ba. Geron wurin ya fi mutum tsawo, zangarniya kamar damtse. Kyauta ta cika rumbu, ta ɗora saura a kan rumfa. Wajen noma kuwa ta kauce wa 'ya'yan gawo bakwai, kowanne sai da ya yage mata ƙafa.

Da rani ya yi tsanani Korau ya zo da gatari neman itace. Ya tarar da gawo kore shar, shi kaɗai a duk faɗin karkara, awaki da shanu sun taru a inuwarsa suna cin 'ya'yan da yake zubarwa, suna zuba taki. Ya dubi bishiya, ya dubi Kyauta.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Yaya. Gonar fa?"

Ya ajiye gatari ya zauna a inuwar, ya dafe bayansa. "Gonar taki ce. Gobe zan turo awakina nan, in sun ƙoshi su kwana a tawa gonar. Ko Allah zai sa wani ya tsiro daga kashinsu."

Shi ya sa har yau, in damina ta kankama, za ku ga gawo tsirara a tsakiyar gona, gero na tashi har gindinsa, in kowa ya bushe kuma shi ya yi kore. Shi ya sa kuma manomin da ya san abin da yake yi ba ya share gona tas. Yana bin toho yana ragewa, yana barin na tsakiya.

Washegarin ranar da na ji wannan, aka tura ni kai fura gona. Na tarar da ɗan gawo bai kai gwiwata ba, ya yi toho biyar. Na durƙusa na karye huɗu. Ƙayarsa ta shige mini yatsa, na zage shi, na ɗauki ƙwaryata na bar shi tsaye.