Ƙarfen da Ke Bayan Taraktar Baba Tukur

Ku gyara zama, yau rigima na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

Baba Tukur mai lambun albasa ne a fadamar da ke ƙasan dam, mutum mai taurin kan tsiya. Yana da 'yar ƙaramar tarakta irin ta lambu, wadda matsin mai ke juya tayoyinta. Halinta ɗaya: da inji ya mutu sai tayoyin su ƙame, turi ba ya motsa ta. Makullinta a aljihunsa yake kwana, bai taɓa bari wani ya hau ba.

Ran wata Juma'a aka sanar za a saki ruwan dam. Daga masallaci Baba ya zarce fadama da babbar rigarsa don ya haye tudu da taraktar. 'Ya'yansa uku, Mudi da Lurwanu da Hansatu, suka biyo shi suna roƙon ya tuɓe rigar, ya ce tun ba a haife su ba yake aiki da riga. Ya hau ya ja ta, a kan gangare hannun rigar ya sarƙe a taya, ya fizgo shi ƙasa. Inji ya mutu, tayar baya ta danne masa cinya cikin laka. Aka murɗa makulli, shiru. Aka yi ƙoƙarin ɗaga ta, laka ta haɗiye ƙafafu. Ruwan kuwa ya riga ya iso, ja, mai sanyi, yana hawa daga ƙugunsa zuwa ƙirji.

Baba bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ya soma kalmar shahada, ya ce su gudu su bar shi. Ba wanda ya motsa.

Hansatu ta durƙusa ta tallafe kansa a kan cinyarta. Da ruwa ya kai masa haɓa, sai ta jawo guntun tiyon ban-ruwa ta sa masa a baki, ta toshe masa hanci da yatsunta, ta ɗaga ɗaya bakin tiyon sama. Ruwa ya rufe fuskarsa. Duniyar Baba ta koma duhu da warin roba, ba abin da ya rage masa sai hannun 'yarsa.

Mudi, wanda Baba ke yi wa faɗa kullum kan taɓe-taɓen kayan inji, ya tuna da wani siririn ƙarfe a bayan taraktar, wanda in aka ja shi mai ya daina riƙe tayoyin. Sai dai ƙarfen na ƙarƙashin ruwa, kuma taraktar kan gangare take.

"In na ja, ba abin da zai riƙe ta," ya ce wa Lurwanu. "Kan ƙirjin Baba za ta gangaro."

"Ja kawai," in ji Lurwanu.

Mudi ya nutsa yana lalube cikin laka. Ya fito ba nasara, ya koma, ya sake komawa, har ya kama ƙarfen ya ja. Farcen babban yatsansa can ya bar shi.

Lurwanu, ƙaton da ake tsokana da cewa ban da ci ba abin da ya iya, ya riga ya kafa kafaɗa a bayan taraktar. Taraktar ta saki, nauyinta duka ya faɗo masa. Ya ji kafaɗar ta goce, bai ja da baya ba. Ya tura, ya tura, har taya ta sauka daga cinyar tsohon, ya tsaya riƙe da ita har aka janye shi.

Baba Tukur ya rayu, yana ɗingishi. Har yau ba ya son jin ƙarar ruwa, kuma ya rantse shi da hawa tarakta har abada. Makullin kuwa ɗaya ne, wanda ya karɓe shi shi ne zai gaji lambun. Kullum sai ya ciro shi ya dubi babban ɗansa Lurwanu da kafaɗa a karkace, ya dubi yatsan Mudi, ya dubi Hansatu, ya mayar aljihu. Da babu tiyon, gawa za a ciro. Da ba a ja ƙarfen ba, tiyon ma ruwa zai shanye shi. Da babu kafaɗar, jan ƙarfen ne zai kashe shi.

To, jama'a, da ku ne Baba Tukur, a tafin hannun wa za ku sa wannan makulli?