Tseren Jirage Biyu a Yawuri

An ce wai a Yawuri an yi wasu attajiran kifi, wa da ƙane, Alhaji Mudi da Sanusi, gida ɗaya suke zaune da iyalansu da mahaifiyarsu Inna Tabawa. Da Allah ya buɗa musu, suka shirya sayen jirgin ruwa mai inji, don kai iyali shan iska a tsibiri.

Dillali ya kawo jirage biyu. Ɗaya siriri ne, in ya tashi sai dai ka ga kumfa a bayansa. Ɗayan faffaɗa, mai rumfa da kujeru, tafiyarsa kamar ta mai komowa daga gona. Sanusi ya gwada siririn shi kaɗai, iska ta tafi da hularsa, ya dawo yana washe baki. Mudi ya ce faffaɗan yake so. Magana ta yi zafi, har Sanusi, mutum mai saurin baki, ya rantse cewa in ba zaɓinsa aka saya ba, zai ja katanga ya raba gidan. Inna Tabawa ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta aika a kira Sarkin Ruwa Magaji, dattijon da ya tsufa a kan kogin.

Sarkin Ruwa ya saurari kowa, bai ko dubi injinan ba. Ya ce, "A yi tsere zuwa tsibiri. Kowa ya tuƙa nasa, jirgin da ya riga isa shi za a saya."

Sanusi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an gama shari'a!"

Sarkin Ruwa ya ce, "Saura sharaɗi guda. Jirgin iyali za ku saya, da iyali za a gwada shi."

Washegari da hantsi aka raba mutanen gida biyu, kowa da rigar ceto. Sarkin Ruwa ya zuba wa Mudi nasa rabon da tabarmi da kulolin abinci. A jirgin Sanusi kuwa ya zaunar da Inna Tabawa, ya ɗora mata jaririyar Sanusi a cinya, 'yar wata huɗu.

Aka tashi. Sanusi ya murɗa inji, goshin jirgi ya ɗaga, ruwa ya fantsamo. Inna ta rungume jaririyar, ta ce, "Sanusi, a hankali, don Allah!" Ya sassauta. Da ya hangi wansa yana wucewa, yara na tafi a ƙarƙashin rumfa, sai ya sake murɗawa. Jirgin ya daki igiyar ruwa, jaririyar ta tsandara kuka, nan take ya sassauta. Daga nan bai ƙara ba. Ya lallaɓa su har tsibiri, ya tarar Mudi ya shimfiɗa tabarmi.

Sanusi ya sauko ransa a ɓace, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi adalci ba. Jirgina ya fi gudu, kowa ya sani."

Sarkin Ruwa ya ce, "Gaskiya ne, ya fi. Wa ya hana shi gudun?"

Sanusi ya ce, "Ni ne."

Dattijon ya ce, "To, ɗana, rantsuwarka tana nan, ba ta karye ba. Ka ce sai zaɓinka. Ranar da kake kai kaɗai ka zaɓi gudu. Yau da uwarka da 'yarka ke gabanka, ba wanda ya riƙe maka hannu, kai da kanka ka zaɓi tafiya a hankali. Zaɓinka na yau za a saya."

Sanusi ya dubi mahaifiyarsa, zaninta sharkaf. Kunya ta kama shi, ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini. Yaya, a sayi mai rumfar."

Shi ya sa duk abin da mutum zai saya domin mutanensa, ya gwada shi da mafi rauninsu a ciki.