Zaren Kaset a Gonar Shinkafa

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Dandume, sunansa Bature. Mahaifinsa, marigayi Shitu, makaɗin noma ne. A zamaninsa, in aka yi gayya babu gangar Shitu, to ranar fartanya ba ta sauri. Da ya rasu bai bar wata dukiya ba, sai jaka guda cike da kaset na waƙoƙinsa da aka ɗauka a bakin gona.

Shi kuwa Bature, tun da ya ɗan samu abin hannu, ba abin da ya tsana kamar a kira shi ɗan makaɗi.

Da tsuntsaye suka addabi shinkafarsa, sai ya yi dabarar da manoma ke yi: a ja zaren kaset tsakanin sanduna, iska na kaɗa shi yana walƙiya, tsuntsu ya tsorata. Ya ɗauko jakar nan ya hau farfasa kaset ɗin.

Mahaifiyarsa, Inna Barakatu, ta riƙe masa hannu. "Haba! Muryar ubanka ce fa."

Ya ce, "To Inna, yau dai ta yi amfani."

Kafin a yanke shinkafar, ciwo ya kwantar da Inna. Hankalinta ya gushe, ba ta gane kowa, ta kuma daina cin abinci. An kai ta asibiti a Funtua, an yi rubutu an yi tofi, amma ko kunu aka kai bakinta sai ta kawar da kai.

"Ba na ci sai na ji Malam ya kira," in ji ta. Malam kuwa shi ne Shitu.

Kullum ƙara ramewa take. Bature ya bi gida gida yana tambayar ko wani na da waƙar mahaifinsa. Babu. Ranar da ta kasa ɗaga kai, ya ruga gona kamar zautacce, yana tsince zaren daga sanduna da ƙaya, yana kuka wiwi.

Ya cika leda, ya hau babur sai Funtua, shagon wani Malam Awaisu mai gyaran tsofaffin kaset yana mayar da su cikin waya.

Malam Awaisu ya ɗaga zaren ya girgiza kai. "Rana ta gasa shi, ruwa ya wanke shi. Ka ga ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke zuba a hannuna? Ita ce muryar."

Bature ya durƙusa a ƙasa. "Don girman Allah, Malam. Ko kalma ɗaya ce. Uwata za ta mutu da yunwa."

Malam Awaisu ya zauna yana bin zaren a hankali. Can ya samu wani guntu da aka naɗe a jikin sanda, wanda rana ba ta kai gare shi ba. Ya goge shi da auduga, ya miƙar da shi, ya liƙa a wani kwankon kaset, ya naɗe da biro. Da ya kunna, da farko shuuu kawai ake ji. Ya yi ta tacewa a kwamfuta har ganga ta fito, sai ga murya a bayanta.

Bature ya iso gida da muryar a cikin wayarsa, ya kai wayar kunnen Inna.

"Barakatu, kawo fura, maza sun gaji! Barakatu, kawo..."

Nan ya yanke.

Inna ta buɗe ido. "Na'am, Malam." Aka miƙa mata ludayi, ta sha, ta ƙara. Sai ta dubi Bature, kuma a karon farko cikin makonni ta gane shi.

"Ai bai gama ba, ɗan nan. Nan gaba kaɗan yake yi maka kirari, ranar da ka fara riƙe fartanya. Sa mana sauran."

Bature ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wayar. Sauran kam, da hannunsa ya shanya wa tsuntsaye.

Darasi: Kada ka raina abin da iyayenka suka bari don kana jin kunyar sana'arsu. Abin da ka wulaƙanta yau, gobe za ka neme shi da kuka, ka samu guntu kawai. In akwai tsohon kaset na wani naka a gida, ka nemi mai gyara tun zaren yana da rai. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila wani ya fasa zubar da nasa.